Zauren Masu Karatu: Wa Ke Riƙe da Ragamar Jami'a?

Wasiƙun da suka iso wannan zaure a watan nan, daga Akra da Kumasi, kusan dukkansu sun taru ne a kan jami'a da yadda ake tafiyar da ita. Dalilin a fili yake, domin lokacin shigar sababbin ɗalibai ne, kuma a gidajen zango da dama wannan ne karo na farko da wani yaro ko wata yarinya suka taka wannan mataki, sai iyaye suka tsinci kansu a gaban sunaye da muƙamai da ba su saba ji ba. Na zaɓi guda shida, na rage tsawon wasu, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, kuma 'yata ta samu gurbin karatu a Tek, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi. A takardar da aka ba ta na ga sunan kwaleji da na tsangaya da na sashe, alhali ni jami'a na san ta nema. Sannan an ce mini Sarkin Asante ne shugaban jami'ar, amma a rediyo kullum wani da ake kira mataimakin shugaba nake ji yana magana. Shin wane ne mai gidan? (Daga wani Alhaji, Aboabo, Kumasi)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinyar nan, ya kuma saka muku da alheri da kuka tsaya mata har ta kai nan. Abubuwa biyun da kuka ji duk gaskiya ne, fassara ce kawai ta haɗa su faɗa. Jami'o'inmu sun gaji tsarinsu ne daga Ingila. Jami'ar Gana da ke Legon ta fara a 1948 a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta Kumasi kuma ta buɗe ƙofa a 1952 a matsayin kwalejin fasaha, sannan dukkansu suka zama cikakkun jami'o'i a 1961. A wannan tsari akwai wani babban mutum da ake kira Cansalo, wanda a Hausa ya fi dacewa a ce masa uban jami'a, kuma a Tek Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu ne ke kan wannan kujera tun 2006. Shi ke jagorantar bikin yaye ɗalibai, da bakinsa ake ba da digiri, kuma idan rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa maganarsa tana da nauyi. Amma ba ya zaman ofis kullum, ba ya tsara albashi, ba ya ɗaukar ɗalibi, ba ya korarsa. Mai wannan aiki na yau da kullum shi ne wanda ɗalibai ke kira Bi-Si, wanda masu fassarar labarai suke bin sunan muƙaminsa kalma da kalma su ce mataimakin shugaba. A aikace shi ne shugaban jami'a, kuma haka zan kira shi a nan. Farfesa Rita Akosua Dickson, masaniyar harhaɗa magunguna, ta hau wannan kujera a Kumasi a 2020, Farfesa Nana Aba Appiah Amfo, masaniyar kimiyyar harshe, ta hau ta Legon a 2021, kuma kowacce ita ce mace ta farko da ta shugabanci jami'arta.

A da shugaban ƙasa ne yake zama uban jami'a, kamar yadda Kwame Nkrumah ya zama a Legon a 1961, amma Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya hana shugaban ƙasa mai ci riƙe wannan muƙami. Shi ya sa daga baya aka ga mutane irin su Kofi Annan, wanda ya riƙe shi a Legon daga 2008 zuwa 2018, sannan Mary Chinery-Hesse ta gaje shi.

To amma, Alhaji, shi kansa shugaban jami'a ba mai gida ba ne irin yadda kuke mai gida a shagonku, inda in kun ce a rage farashi sai a rage. Majalisu biyu ne suke riƙe da ikon, shi kuma yana tsakaninsu. Ta farko ita ce majalisar gudanarwa, wadda dukiyar jami'a da filayenta da kasafin kuɗinta suke hannunta, kuma ita ce take naɗa shugaban jami'a da sauran manyan jami'ai. A cikinta akwai waɗanda gwamnati ta turo, da wakilan malamai, da na ƙananan ma'aikata, da na tsofaffin ɗalibai, da na ɗaliban da ke karatu yanzu. Ta biyu ita ce majalisar ilimi, wadda a Nijeriya ake kira Sanet, inda farfesoshi da shugabannin kwalejoji da na tsangayoyi da na sassa suke zama ƙarƙashin jagorancin shugaban jami'a, su yanke abin da za a koyar, da sharuɗɗan ɗaukar ɗalibi, da wanda ya cancanci digiri. Ku dubi masallacin unguwarku za ku ga kwatankwacin wannan rabon aiki. Kwamitin masallaci shi ke kula da asusu da gyaran rufi da biyan kuɗin wuta, amma ba ya gaya wa liman surar da zai karanta a sallar asuba, haka shi ma liman ba ya buɗe akwatin kuɗi shi kaɗai. Akwai kuma magatakardar jami'a, wato Rajistara, wanda shi ne sakataren majalisun biyu, shi ne babban ma'aikatan ofis, kuma takardun ɗalibai tun daga shiga har fita a hannun ofishinsa suke.

Game da sunaye ukun da kuka gani a takarda, yarinyarku jami'a ta shiga ba shakka, sai dai jami'ar ta kasu kashi-kashi. Lokacin da ɗalibai suke 'yan ɗaruruwa, kowace takarda tana iya bi ta teburin shugaban jami'a ba tare da ta kwana ba. Da suka zama dubbai masu yawa, sai aiki ya cushe, har sayen kayan ɗakin gwaji ko ɗaukar ƙaramin malami ya koma jiran watanni. Saboda haka Tek ta tattara tsangayoyinta cikin kwalejoji 6 a farkon 2005, waɗanda a tsarinsu na yanzu su ne na noma da albarkatun ƙasa, da zane da tsara gine-gine, da injiniyanci, da kiwon lafiya, da ilimin ɗan Adam da zamantakewa, da kimiyya. Legon ta bi sahu a 2014, zamanin Farfesa Ernest Aryeetey, da kwalejoji 4: kimiyya, da ilimin koyarwa, da kiwon lafiya wadda yawancin aikinta yake Korle Bu, inda asibitin koyarwa yake, da ilimin ɗan Adam wadda ta haɗa shari'a da kasuwanci da harsuna da zamantakewa. Kowace kwaleji tana da shugabanta da ake kira Furobos, tana da nata ma'aikatan ofis da na kuɗi, da tata majalisar ilimi. Ƙarƙashinta akwai tsangayoyi, waɗanda wani wuri ake ce musu makarantu, kowacce da shugabanta da ake kira Din, ƙarƙashinsu kuma sassa, kowanne da shugaban sashe. Duk waɗannan malamai ne da aka ɗora wa ɗawainiya na wani wa'adi, idan wa'adin ya cika su koma aji da ɗakin bincike, wanda jiya yake ƙarƙashinsu ya zama shugabansu.

A ganina tsarin kwalejojin nan yana da amfani, amma da sharaɗi. Idan an ba Furobos suna da ofis da mota, ikon kashe kuɗi da ɗaukar ma'aikaci kuwa yana nan a babban ofis, to an ƙara wa takarda tebur guda ne kawai a kan hanyarta. Inda aka sakar masa ikon da gaske, nan ne ɗalibi yake ganin bambanci. Ku dai ku riƙe sunan sashen yarinyarku fiye da sauran, domin a can ne ake saninta da fuska.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a shekara ta uku a wata jami'ar gwamnati. Na rubuta jarrabawar wani darasi, amma da sakamako ya fito sai aka nuna kamar ban zauna ba. Kawuna ya ce zai nemi wani babban mutum ya kai mu wurin shugaban jami'a, mahaifiyata kuma ta ce in haƙura in maimaita darasin. Wanne zan bi? (Daga wata ɗaliba, Nima, Akra)

AMSA: 'Yata, ki yi wa kawu godiya, ki kuma kwantar wa Mama da hankali, amma kada ki ɗauki ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu tukuna. Bari in nuna miki hanyar da maki yake bi kafin ya iso gare ki, domin a nan maganin yake. Malamin darasi ne yake duba takardu ya ba da maki, jami'in jarrabawa na sashe ya tattara, malaman sashen su zauna su duba sakamakon gaba ɗaya, daga nan ya hau zuwa majalisar tsangaya, ya wuce ta kwaleji, har majalisar ilimi ta jami'a ta amince da shi. Kin ga ke nan maki daga ƙasa yake tasowa, kuma shugaban jami'a ba shi da hurumin ɗaukar biro ya rubuta miki shi. Da zai yi haka, da ya aikata laifin da zai iya raba shi da kujerarsa. Iyakar abin da zai yi idan kun je shi ne ya rubuta a gefen takardarku cewa Furobos ya duba, Furobos ya miƙa wa Din, Din ya miƙa wa shugaban sashe, bayan makonni a dawo daidai ƙofar da ya kamata ki fara ƙwanƙwasawa tun ranar farko.

Gobe da safe ki je wurin jami'in jarrabawa na sashen da yake da darasin, ɗauke da katin ɗalibarki da shaidar rajistar darussan zangon. Ki roƙa a duba takardar halarta da kika sa wa hannu a ɗakin jarrabawa, domin ita ce babbar shaidarki. Sau da yawa irin wannan matsala ba ta wuce kuskuren lambar ɗalibi a kan takardar amsa, ko rajistar darasi da ba ta kammala a kwamfuta ba, ko makin da aka tsallake wajen shigarwa. Duk abin da aka gaya miki da baki, ki bi shi da wasiƙa zuwa ga shugaban sashe, mai ɗauke da sunan darasi da lambarsa da ranar jarrabawa da ɗakin da kika zauna, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a kan ɗaya ki adana. Idan makonni biyu suka wuce shiru, sai ki rubuta wa Din ki haɗa da wannan kwafi. Malamin da aka ba alhakin ba ki shawara kan karatu, da ofishin shugaban harkokin ɗalibai, da majalisar wakilan ɗalibai, duk suna da hurumin bin miki sawu. Ki kuma bambance tsakanin makin da ya ɓata da makin da ba ki gamsu da shi ba, domin na biyun neman sake duba takarda ne, kuma wannan yana da kuɗinsa da ƙayyadadden lokacinsa a littafin dokokin ɗalibai.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba, ko da yake ba ki ambace ta ba. Idan wani ya nuna miki cewa makinki ba zai fito ba sai kin ba shi kuɗi ko wani abin da ya taɓa mutuncinki, to maganar ta tashi daga kuskuren ofis ta koma laifi, kuma manyan jami'o'inmu suna da kwamitin da ke karɓar irin wannan ƙara a asirce. Kada kunya ta rufe miki baki.

Shi kuwa kamun ƙafa, na san daga ina ya fito. Mu a zango mun tashi mun ga dattijo yana sa baki a sasanta aure ko rikicin kasuwa, kuma wannan al'ada ce mai daraja da ba na so ta mutu. Amma makin da kika yi wa karatun dare haƙƙinki ne, kuma idan muka saba wa 'ya'yanmu neman haƙƙinsu ta hanyar alfarma, ranar da babu babban mutum a kusa za su ɗauka ba su da komai. Maimaita darasin da kika riga kika rubuta kuma asarar kuɗi ce da lokaci, wani sa'in ma da tabo a takardar sakamako. Haƙurin da zai amfane ki a nan shi ne na bin ofis da takarda a hannu har a gyara.

TAMBAYA: An sa mana lacca ranar Juma'a daidai lokacin salla. Wa ke da ikon canza ta? (Daga wani ɗalibi, Zangon Ayigya, Kumasi)

AMSA: Ƙanena, wannan ba ta kai ga manyan ofisoshi ba. Jadawalin darussa jami'an sashe da na kwaleji ne suke tsara shi, suna la'akari da yawan ɗalibai da ɗakunan da ake da su, kuma yawanci karo irin wannan ƙarancin ɗaki ne yake jawo shi. Ku haɗu ku da abin ya shafa, ku tafi tare da wakilin ajinku wurin malamin darasin, kuma kada ku je da koke kawai, ku je da wani lokacin da kuka tabbatar ajin ba shi da darasi da ɗakin da kuka tabbatar babu kowa a ciki. Idan ya gagara, sai shugaban sashe. Gyara mai ɗorewa kuwa aikin Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Gana ce a harabarku, ta rubuta wa shugaban harkokin ɗalibai tun kafin a fitar da jadawalin zango mai zuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Ni malamin makarantar Islamiyya ne. Burina in ga an kafa cikakken sashen Hausa a ɗaya daga cikin manyan jami'o'inmu, yaranmu su yi digiri a harshensu. Idan sarakunan zango da limamai suka rubuta wa shugaban jami'a, zai iya ba da umarni? (Daga wani malami, Sabon Zango, Akra)

AMSA: Allah gafarta malam, burinku nawa ne, kuma yana da tushe. Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, wadda aka kafa a 1961 kuma Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a 1963, ta tattara tarin rubuce-rubucen malaman ƙasar nan na Larabci da na ajami, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi wanda ya rasu a 1934. Waɗannan takardu suna buƙatar masu karanta su, kuma 'ya'yan zango da suka yi allo su ne suka fi kowa kusa da wannan aiki.

Wasiƙar sarakuna da limamai za ta samu karɓa da girmamawa, za ta kuma nuna cewa al'umma tana so, amma umarni ba ya haifar da sashe. Sabon fannin karatu daga cikin sashe yake tsirowa. Dole a samu malami a ciki, wataƙila a sashen kimiyyar harshe, da zai zauna ya rubuta manhaja darasi bayan darasi, abokan aikinsa su amince, majalisar tsangaya ta tace, ta kwaleji ta sake tacewa, majalisar ilimi ta jami'a ta amince, majalisar gudanarwa kuma ta duba abin da zai ci na kuɗi. Bayan duk wannan sai an kai wa Hukumar Kula da Ilimi Mai Zurfi ta Gana, wadda aka fi sani da GTEC, wadda aka kafa a 2020 ta hanyar haɗe hukumomi biyu da suka gabace ta, ta tantance ta ba da izini. A kowane mataki tambayoyin ba sa canzawa: malamai nawa ne masu digirin digirgir za su koyar, ina littattafan, ɗalibai nawa za su nema, kuma wane aiki za su samu idan sun gama.

Tambayar ƙarshen nan ita ce mai wuya, kuma gara mu fuskance ta. Wanda ya karanta Twi ko Ewe ko Dagbani a jami'a yana da aji da ke jiransa, domin harsunan suna cikin waɗanda ake koyarwa ana rubuta jarrabawarsu a makarantun gwamnati. Hausa ba ta cikin wannan jerin, duk da yawan masu jin ta a kasuwanninmu da daɗewarta a gidan rediyon ƙasa. Saboda haka rabin gwagwarmayar a Ma'aikatar Ilimi take. Ɗaya rabin kuwa yana hannunmu. Da attajiranmu za su ɗauki nauyin yara uku ko huɗu su yi digiri na biyu da na uku a kimiyyar harshe, ko a nan gida ko a Kano ko Zariya ko Sakkwato inda nazarin Hausa ya kafu, da mun samu waɗanda za su zauna a majalisar sashe su yi magana da murya mai ƙuri'a. Ni da za a bi tawa, da darasi guda na zaɓi za a fara nema, a cika shi da ɗalibai shekara bayan shekara, domin majalisun jami'a sun fi jin hujjar ajin da ya cika fiye da kowace wasiƙa.

TAMBAYA: Tun da gwamnati ce take biyan albashin malaman jami'a, me ya sa Ministan Ilimi ba zai iya sauke shugaban jami'ar da ya gaza ba, kamar yadda ake canza wa shugaban sakandare wurin aiki? (Daga wani tsohon malamin sakandare, Asawase, Kumasi)

AMSA: Baba, kundin tsarin mulki ne ya ɗaure hannun minista, kuma da gangan aka yi haka. Sashe na 195 ya ɗora ikon naɗa ma'aikatan manyan makarantu a kan majalisar gudanarwarsu, sashe na 21 kuma ya sanya 'yancin bincike da koyarwa cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Waɗanda suka rubuta shi sun rayu a zamanin da gwamnatoci suke korar malamai da rufe jami'o'i saboda ra'ayi, sai suka so masanin tattalin arziki ya iya cewa kasafin kuɗin ƙasa ba daidai ba ne ba tare da fargabar rasa abincinsa ba.

Ku da kuke Kumasi kun ga gwajin wannan da idonku. A watan Oktoba na 2018, bayan zanga-zangar ɗalibai da ta jawo ɓarnar dukiya a Tek, an rufe jami'ar, gwamnati ta rushe majalisar gudanarwa ta kafa ta riƙon ƙwarya. Ƙungiyar malaman jami'o'i, UTAG, da sauran ƙungiyoyin ma'aikata suka ƙi amincewa har suka ajiye aiki, kuma cikin 'yan makonni, da sa bakin Otumfuo a matsayinsa na uban jami'a, aka sake kafa majalisa bisa tanadin doka. A 2020 kuma an kawo ƙudurin dokar jami'o'in gwamnati wanda zai ba shugaban ƙasa rinjaye wajen naɗa 'yan majalisun gudanarwa, malamai da masana suka yi masa ca, bai kuwa zama doka ba.

Wannan ba ya nufin gwamnati ba ta da ta cewa. Ita ke biyan albashi, sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini ake ɗaukar sababbin ma'aikatan da za su shiga wannan albashi, gine-gine da yawa daga asusun tallafa wa ilimi na GETFund da aka kafa a 2000 suke fitowa, kuɗin makaranta sai majalisar dokoki ta amince, babban mai binciken kuɗi na ƙasa yana duba littattafan jami'a, kuma wakilan gwamnati suna zaune a majalisar gudanarwa. Wanda yake riƙe da duk waɗannan ba ya buƙatar korar kowa kafin a ji muryarsa.

Ni ina tare da 'yancin jami'a, amma damuwarku tana da gaskiya a cikinta, Baba. Idan minista ba zai iya sauke shugaban da ya gaza ba, to wajibi ne majalisar gudanarwa ta iya, kuma ta yi, ba ta zama wurin shan shayi da amincewa da duk abin da aka kawo ba. A nan ne nake ganin namu sakacin. Kujerar tsofaffin ɗalibai da ta ɗalibai da ta malamai duk ta hanyar ƙungiyoyinsu ake hawa, kuma 'ya'yan zango da suka gama jami'a yanzu ba kaɗan ba ne, amma da yawansu ranar karɓar takarda ce ranarsu ta ƙarshe a harabar. Wanda ba ya biyan kuɗin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kuma ba ya zuwa taronta, ba zai samu kansa a teburin da ake zaɓen shugaban jami'a ba.

TAMBAYA: Ɗana yana so ya shiga wata kwalejin jami'a mai zaman kanta, amma an ce takardar digirinsa za ta fito da sunan wata jami'a daban. Wannan ba yaudara ba ce? (Daga wata Hajiya, Fadama, Akra)

AMSA: Hajiya, wannan kaɗai ba yaudara ba ce, tsari ne sananne. Sabuwar makaranta mai zaman kanta takan fara ne ƙarƙashin kulawar tsohuwar jami'a, wadda take duba manhajarta da tambayoyin jarrabawarta da sakamakonta, sannan ta ba da digiri da sunanta, kamar yadda Legon kanta ta riƙa ba da digirin Landan kafin 1961. Kwalejin Jami'ar Musulunci da ke Akra ta ƙulla irin wannan alaƙa da Legon, haka kuma kwalejojin horar da malamai na gwamnati, irin su Al-Faruq da ke Wenchi, suna ƙarƙashin manyan jami'o'i wajen digirin shekara 4 da suka fara a 2018. Idan makaranta ta nuna ta tsaya da ƙafafunta, sai shugaban ƙasa ya ba ta takardar cin gashin kai ta fara ba da digirinta, kamar yadda Valley View ta samu a 2006, Ashesi kuma a 2018.

Inda yaudara take ɓuya shi ne wajen izinin fanni. Makaranta tana iya kasancewa da izinin GTEC, amma fannin da yaro zai karanta ba shi da shi, ko wa'adin izinin ya ƙare, ko an ba da shi ga harabar Akra alhali ana koyarwa a wani gari, kuma mai irin wannan takarda yakan sha wahala wajen hidimar ƙasa da neman aikin gwamnati. Kafin ku biya ko sidi ɗaya, ku tura yaron ya duba jerin da hukumar take wallafawa a shafinta na intanet, sannan ku je ofishin rajistarar makarantar ku nemi a nuna muku takardar izinin. Ku duba sunan fannin da ɗanku zai karanta a rubuce, da sunan harabar da zai zauna, da sunan jami'ar da za ta ba da digirin, da ranar da izinin zai ƙare.